Injin zuƙe iska da ajiyar siga, goro da kayan aike: tambayoyi da amsoshi daga Birnin Kebbi

Ina sayar da leda da kayan ƙunshi a Birnin Kebbi, kuma tun da na fara kawo ƙananan injinan nan masu zuƙe iska su liƙe leda, tambayoyi ba su yanke ba. Mafi yawansu kan kilishi ne da busasshen kifi da garin yaji. Amma akwai wata da take zuwa jefi-jefi daga masu tafiye-tafiye, game da naɗaɗɗiyar tabar nan mai kauri da ake kira siga, wadda ake kawo wa mutum tsaraba daga Dubai ko Turai a cikin akwatin katako. Ni ba na shan taba. Abin da ya sa na iya amsa tambayar shi ne na taɓa lalata wa wani bawan Allah tasa da hannuna, sai na zauna na koyi abin da kyau, kuma na tarar rabinsa na riga na gani a wurin mahaifina, wanda ya ƙare rayuwarsa yana cinikin goro. Ga tambayoyin yadda suke zuwa mini.

Mene ne takamaimai aikin wannan injin?

Aiki biyu yake yi, kuma mutane da yawa sun ɗauka ɗaya ne. Na farko, akwai ɗan famfo a cikinsa da ke janye iskar da ke cikin leda. Na biyu, akwai siririyar waya mai zafi da ke narkar da bakin ledar ya manne. Wannan na biyun shi ne dai abin da masu ƙulla kayan miya suka sani da injin silin. Yawancin injinan gida suna da maɓalli na kowane aiki daban: wanda aka rubuta wa "Seal" liƙewa kawai yake yi, wani kuma mai suna "Pulse" yana zuƙa ne muddin yatsanka na kansa, kana ɗagawa ya tsaya. Ka riƙe waɗannan maɓallai biyu a ranka, domin duk maganar siga a kansu take.

Zan iya zuƙe siga yadda nake zuƙe kilishi?

A'a. Na gwada, na ga ƙarshensa.

Wata rana cikin Janairu, hunturu ya kankama, wani Alhaji ɗan kwangila ya shigo shago da akwati mai kara 25 da abokin harkarsa ya ba shi. Ya ce yana so a ɗaure masa su kada su bushe kafin ya kai wa wanda zai kai wa. Na fito da su daga akwatin, na jera goma a leda gwanin sha'awa, na danna maɓallin zuƙa. Cikin ƙiftawar ido ledar ta shaƙe su, sai na ji ƙas-ƙas-ƙas kamar ana taka karmami. Da muka yanke ledar, kowane kara ya baje ya zama kamar ɗan yatsan da ƙofa ta datse, ganyen da aka naɗe bayansa da shi ya tsage a tsaye tun daga gindi. Na ce, "Alhaji, a gafarce ni, rashin sani ne." Ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa, ya ce, "Ba komai, Malam, ni na kawo maka." Har yau ina jin nauyin wannan ranar, don kayan amana ne.

Dalilin a fili yake idan ka san yadda aka gina karan. Siga ganye ce zalla, hawa uku: ganyayen ciki da aka dunƙule da ɗan sarari a tsakaninsu don hayaƙi ya samu hanya, ganyen da ya ɗaure su, sai na waje, wanda shi ne mafi laushi kuma mafi tsada. Wasu daga cikin ganyayen wajen da aka fi yabo a duniya ma daga maƙwabtanmu suke, daga gabashin Kamaru, kuma an san su da siranta da saurin yagewa. Iskar da muke zaune a cikinta tana danna kowane santimita murabba'i da nauyin kusan kilo 1, sai dai ba ma ji saboda ta ko'ina take dannawa. Da zarar inji ya kwashe mafi yawan iskar cikin leda, wannan nauyin sai ya sauka kan abin da ke ciki. A fili mai faɗin santimita 15 da tsawon 20, ko kashi 70 cikin ɗari na iskar aka cire, an ɗora fiye da kilo 200, wato buhu huɗu na shinkafar Kebbi mai kilo 50. Kilishi ba ruwansa, tun asali a baje yake. Siga kuwa ko ba ta tsage ba, hanyar hayaƙin ta toshe, kuma ba ta cika komawa yadda take ba.

To me take buƙata kafin ta zauna lafiya?

Danshi daidai gwargwado wanda ba ya hawa da sauka. Masu harkar sun tsaya a kan danshin iska tsakanin kashi 65 zuwa 72 cikin ɗari, da sanyin da bai wuce digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyas ba. Wannan danshin kusan irin na ƙasashen da ake naɗa ta ne: yankin Pinar del Río na Kuba, garin Estelí na Nikaragwa, Santiyago ta Jamhuriyar Dominika, da Honduras. A can ana ajiye ta a akwati na musamman da aka shimfiɗe cikinsa da wani katako mai ƙamshi da ke shan danshi ya riƙe, ya kuma saki a hankali.

Yanzu dubi garinmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na iya sauke danshi ƙasa da kashi 20. Wanda ya shanya riga da hantsi ya san kafin azahar ta bushe ƙarau. Karan da aka bari a kan tebur a irin wannan lokaci, kwana kaɗan ya ishe shi ya zama kamar busasshen kara. Maris zuwa Mayu zafi ya haura digiri 40. Sai kuma Agusta ta zo da marka, takalmin fata ma ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Shekara guda, matsala uku mabambanta. Shi ya sa nake ce wa mutane kada su ɗauki shawarar wanda ke zaune a Landan su aiwatar a Argungu ba tare da sun duba ba.

Idan ba za a zuƙe ba, mene ne amfanin injin a nan?

Liƙewar. A ganina ita kaɗai ta isa a sayi injin dominta. Leda mai kauri da aka manne bakinta da wuta tana raba abin da ke ciki da yanayin waje fiye da ledar zip, fiye ma da akwatunan katako masu araha da murfinsu ba ya zama daram.

Ga yadda nake yi yanzu. Ina barin karan a cikin akwatinsu na asali, in babu akwati in samo roba mai ƙarfi mai murfi wadda ba ta taɓa ɗaukar abinci ba. Ina saka fakitin daidaita danshi a ciki. Wanda aka fi sani shi ne Boveda, kuma an rubuta lambarsa a jiki, wato kason danshin da yake riƙewa cikin ɗari: 62, 65, 69, 72. Amfaninsa shi ne yana ba da danshi idan wuri ya bushe, yana shanyewa idan ya yi yawa. Mai giram 60 guda ɗaya ana lissafa shi ga kara 25, ƙarami mai giram 8 ya ishi kara biyar. A zafinmu na fi son 65, saboda zafi da danshi mai yawa idan suka haɗu fumfuna ce ke biyo baya. Sai in zura akwatin a leda, in danne iskar da ta yi yawa da tafin hannu, in liƙe. Idan ina son ledar ta kwanta a jikin akwatin, sai in taɓa "Pulse" sau biyu ko uku, da na ga ledar ta fara kama kusurwa in tsaya. Murfin katakon nan siriri ne, yana lotsawa. Ina yin layin liƙi biyu, ɗaya bayan ɗaya, in kuma bar bakin ledar da tsawo domin a iya yankewa a sake liƙewa sau da yawa. A ƙarshe in rubuta kwanan wata a jiki.

Ledar nan mai ƙyalli da kowane kara ke zuwa a cikinta, a bar ta. Danshi na ratsa ta, kuma tana kare ganyen waje daga gogayya.

Kai da kake wannan bayani, ba ka ganin kana taimaka wa shan taba?

An yi mini wannan tambayar a masallacin unguwarmu, kuma tambaya ce mai nauyi. Malamai da yawa na wannan zamani sun haramta shan taba saboda cutarwarta, wasu sun tsaya a kan karhanci, kuma mai neman hukunci ya tafi wurinsu. Abin da ni zan faɗa shi ne kada tsadar siga da kyan akwatinta su ruɗi kowa. Babban kara ɗaya na iya ɗauke da ganyen taba da ya kai na kwalin sigari guda. Masu cewa ai ba sa haɗiye hayaƙin su sani yana zama a baki da maƙogwaro, kuma nan ne ciwon daji ke kama masu shanta: leɓe, harshe, maƙoshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa kunna ta ba, hayaƙin wani suka shaƙa. Duk wanda ya kawo mini akwati ina gaya masa haka baki da baki, kuma ba na sayar da taba a shagona. Na rubuta bayanin ne saboda darasin ya wuce taba: duk kayan da ke son danshi kuma ba ya son matsi, haka ake bi da shi.

An ce tana ƙara kyau idan ta daɗe. A cikin leda a liƙe za ta yi wannan tsufan?

Za ta yi, amma a hankali, kuma sai an lura da lokacin da aka rufe ta.

Ganyen taba ana tara shi tuli-tuli ya ɗauki zafi ya nuna kafin a naɗa, kuma ko bayan naɗi canjin bai tsaya ba. Sabuwar siga tana fitar da wani wari mai hawa hanci, irin na fitsarin dabbobi a turke, wato amoniya. Wannan warin yana buƙatar hanyar fita. Idan ka liƙe sabon akwati ka manta da shi, ranar da ka buɗe shi zai tarbe ka. Saboda haka sabon kaya a bar shi watanni a wurin da ake buɗewa lokaci-lokaci, sai warin ya lafa sannan a yi maganar liƙewa. Wasu masu tara ta suna liƙe akwati sukutum da gangan don su rage saurin tsufan, ƙamshin ya daɗe bai gushe ba. Wasu kuma sun ce ƙarancin iska na hana ɗanɗanon haɗuwa. Ni dai ina ganin a ƙasa irin tamu wanda ya liƙe ya fi wanda ya bari kusa da dacewa, da sharaɗin ya riƙa dubawa.

Wannan dubawar a wurin mahaifina na gan ta. Mai son goronsa ya kai daushe, wato ya kwana biyu ya yi zaƙi kuɗinsa ya hau, ba ya ɗaure huhu ya juya baya. Ina tuna shi zaune a zaure da sassafe, ya kwance igiya, ya baje goron a tabarma, yana ɗaukar kowane ɗaya yana duban gindinsa. Wanda sankara ta taɓa ya jefa gefe. Ya cire ganyen da ya yi baƙi, ya shimfiɗa sabo, ya tsoma yatsu a ƙwarya ya yarfa ruwa kaɗan, kaɗan ƙwarai, sannan ya mayar ya ɗaure. Idan na yi garaje zan ƙara ruwan sai ya riƙe hannuna ya ce, "Bari, ɗana, raɓa yake so." Haka akwatin siga. Duk wata biyu ko uku a yanke leda, a sansana, a taɓa fakitin danshin. Idan ya taurare kamar dutse ya ƙare aiki, a sa wani. A juya na ƙasa su dawo sama, a liƙe.

Abu guda kuma: tsufa ba ya mayar da mummunan ganye mai kyau. Jabu sun yi yawa, musamman masu ɗauke da sunan Cohiba, wata shahararriyar sigar Kuba, kuma ajiyar shekara biyar ba za ta gyara su ba.

Na ga ƙananan huji a jikin karan da wani gari mai launin ƙasa a gindin akwati. Mene ne?

Ƙwaron taba ne, ɗan mitsitsi mai ruwan ƙasa, bai fi milimita 2 zuwa 3 ba. Ƙwansa kan zo a cikin ganyen tun daga gona ko ma'ajiya, ya yi lamo har sai wuri ya ɗumama. Da zafi ya haura digiri 23 ko 24, ga danshi, sai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga ci. Mu kuwa ɗakunanmu sun fi haka zafi kusan duk shekara, don haka wannan ne babban abokin gabar mai ajiya a Kebbi. Zuƙe iska da injin gida ba abin dogaro ba ne wajen kashe ƙwan.

Maganinsa sanyi ne mai tsanani, kuma a nan injin liƙewa yana da rana. A fid da waɗanda suka huje, a liƙe sauran a leda biyu, a sa a firij kwana ɗaya, a mayar firiza mai kai digiri 18 ƙasa da sifili kwana uku zuwa huɗu, a dawo firij kwana ɗaya, sannan a fito da ita a bar ta ta huce a ɗaki kafin a yanke ledar. Wanda ya buɗe tana da sanyi, raɓa za ta kwanta a kan ganyen ya kumbura ya fashe. Sharaɗin shi ne firizar ta yi kwanakin nan ba ta narke ba. Idan wutar unguwarku tana zuwa tana tafiya, a nemi mai sola ko mai sayar da ƙanƙara da injinsa ba ya mutuwa. Daskarewa da narkewa sau uku ya fi ƙwaron ɓarna.

To in bar ta a firij kawai mana, tun da ɗaki da zafi?

Firij ya yi sanyi da yawa, iskarsa busasshiya ce, ga warin miya da daddawa, kuma duk ɗauke wuta sai ledar ta yi gumi. A nemi ɗakin da ya fi sanyi a gida, wanda rana ba ta dukan bangonsa da yamma, a sa ledar a cikin kula mai kauri marar ƙanƙara, a ajiye a ƙasa. Kula ba ta sanyaya komai, amma tana hana zafin tsakar rana shiga farat ɗaya. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi na kwano nesa ba kusa ba.

A bazara akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunya a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tana aiki sosai idan iska a bushe take, da damina kuwa ba ta tsinana komai. Leda a liƙe ce ke sa a iya amfani da ita, domin laimar tukunyar ba za ta kai ga kayan ba.

Ma'aunin danshin da na saya yana faɗin gaskiya kuwa?

Gwada shi da gishiri. Cika murfin kwalba da gishirin girki, ɗiga ruwa har ya jiƙe amma bai narke ba, sa shi tare da ma'aunin a roba mai murfi ko leda a liƙe, bar su kwana ɗaya. Ya kamata ya nuna 75. Idan ya nuna 70, ka san kullum za ka riƙa ƙara 5 a kan abin da ya faɗa.

Zan ba direba ya kai wa yayana a Kaduna ko Abuja. Yaya zan ɗaure?

Ka fara tunanin inda kayan zai zauna. But ɗin mota ne, kusa da jarkar fetur, a ƙarƙashin buhun albasar Aliero, wataƙila a Yauri a ɗora kwandon kifi a kai. Daga Birnin Kebbi a bi Jega, Koko, Yauri, Kontagora, yini guda ake yi ana gasuwa ana jijjiga. Ganyen taba kuwa yana shan wari kamar yadda auduga ke shan ruwa, kuma abin da ya sha ba ya amayarwa. Haka ma turaren wuta da humra. Kada a haɗa su a jaka ɗaya ko na awa guda.

Don haka abu mai tauri tukuna, leda daga baya. A cike sararin da ke cikin akwatin da takarda marar rubutu da ƙamshi har sai ka girgiza ba ka ji motsi ba. Jarida ba ta yi, tawadarta na da wari. A sa ƙaramin fakitin danshi. A liƙe a leda ta farko, a sake liƙewa a ta biyu, a sa a kwali da abin tausasawa ta kowane gefe. Ka ba motar sammako, ka ce wa direba, "Don Allah, direba, a gaba za a sa, kada rana ta same shi." Ka guji ranar da kayan zai kwana biyu a tasha. Wanda ya karɓa kuma kada ya yi hanzari, ya bar su mako ɗaya ko biyu a wuri mai daidaitaccen danshi su dawo hayyacinsu.

Doka ta yarda a aika? Jirgi fa?

Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da taba ko rarraba ta ta gidan waya ko intanet, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Saboda haka wanda ya zo mini da niyyar buɗe kasuwar aike ta WhatsApp, ba na ɗaure masa. Mai fita waje da tasa ya bincika adadin da kwastan ɗin ƙasar da za shi ya yarda da shi. Amurka, alal misali, a yanzu ba ta barin matafiyi ya shigar da sigar Kuba. A jirgi ledar da ke da sauran iska za ta kumbura idan an yi sama, ta koma idan an sauka, ba abin damuwa ba ne. Ka riƙe a jakar hannu, ka kuma sa rai jami'i zai iya cewa a yanke a gani.

Tawa ta riga ta bushe. Akwai dabara?

Idan ganyen waje bai tsage ba, akwai. A hankali ake dawo da ita: mako biyu da fakiti mai lamba 62, sannan a hau 65, a ɗauki wata ɗaya ko fiye. Kada a fesa ruwa, kada a kara a tururi, don cikin zai kumbura kafin bayan ya yi laushi, ya fashe. Wadda ta yi watanni a bushe za ta yi laushi amma ƙamshin da ya tafi ya tafi.

Fumfuna kuwa, idan ta shiga ta gindin karan inda ganyen ciki ya bayyana, a zubar.

Goro fa? Zan iya zuƙe ƙwarya ɗaya in aika wa Hajiya?

Kada ka yi. Ɗanyen goro iri ne mai rai, yana numfashi. Ka dasa shi ya tsiro. A leda a shaƙe zai yi gumi, ya canza launi, ya ruɓe, kuma zafin hanya na gaggauta hakan. Ganyensa na gargajiya da kwando ko kwali mai 'yan huji sun fi duk abin da nake sayarwa a shagon nan. Haka ɗanyar albasa da tafarnuwa, ba a zuƙe su.

Kilishi da kifi, waɗanda dominsu na sayi injin?

Nan ne zuƙa ta cika take da amfani. Man tunkuzar da ke jikin kilishi iska ce ke sa shi maƙaƙi, idan aka cire ta yana daɗewa da ɗanɗanonsa. Amma sai ya huce sarai kuma ya bushe ƙarau. Gefensa na da kaifi, yana huda leda, don haka a shimfiɗa farar takarda sama da ƙasa.

Kifi sai an yi hattara ƙwarai. Bandar da ake sayowa a Yauri ko Argungu sau da yawa bayanta ne ya bushe, cikin tsokar da sauran laima. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa da laka, wadda ta fi jin daɗin wurin da babu iska amma akwai laima da ɗumi, tana fitar da dafin da ke shanye jijiyoyi har numfashi ya gagara, kuma ba lallai kifin ya yi wari ba. Ledar da aka zuƙe a ɗaki mai zafi gida ce gare ta. Kifin da ba ya karyewa ƙas idan an lanƙwasa shi, in an zuƙe shi sai firiza. Ledar da ta kumbura da kanta a ajiye, a jefar da abin da ke ciki, kada a ɗanɗana.

Masu aika wa 'ya'yansu a Ingila su sani ƙasar ba ta yarda matafiyi ya shigar da nama daga Najeriya ba, ko da an liƙe shi da kyau; a filin jirgi ake ƙwacewa.

Wane inji zan saya, da wace leda?

Wanda ke da maɓallin liƙewa shi kaɗai, da na zuƙa kaɗan-kaɗan. In babu su, bai dace da kaya masu laushi ba komai arharsa. Duba bayansa ka tabbata an rubuta 220 zuwa 240. Wanda aka yo tsaraba daga Amurka na 110 ne ko 120, kana jona shi a soket ɗinmu ya ƙone. Ba ya cin wuta sosai, ƙaramar inbata ta ɗauke shi.

Ledarsa daban ce: gefe ɗaya santsi, ɗayan mai ƙurji-ƙurji, ta cikin ƙurjin iskar ke bi ta fita. Ledar kasuwa mai santsi gefe biyu za ta liƙu amma ba za ta zuƙu ba, kuma siririya ce, danshi na sulalewa ta jikinta a hankali. Sayi ta naɗi ka riƙa yanka daidai buƙata. Ka ba injin kamar daƙiƙa 30 tsakanin liƙi da liƙi, in ba haka ba wayar ta yi zafi ta ƙona leda. Idan ya fara ƙara ba ya ja, yawanci soson bakinsa ne ƙurar hunturu ta cika ko ya kwanta. Ciro shi, goge da ɗan jiƙaƙƙen tsumma, bar shi ya bushe ka mayar. In ka gama aiki kada ka kulle murfin, bar shi a sake, domin matsin ne ke kwantar da soson.